Tambayoyi da Amsoshi Kan Izinin Makarantun Horar da Ma'aikatan Cikin Jirgin Sama

Da zarar an ji labarin wani kamfanin jirgin sama zai ɗauki ma'aikata, sai tambayoyi su yi ta zuwa mini. Wasu daga matasa suke zuwa, wasu daga iyayen da za su biya kuɗin karatun, jefi-jefi kuma daga mai hannu da shuni da ke son buɗe tasa makarantar. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan. Yawancin bayanin a kan tsarin Najeriya yake, sai inda ya zama dole a leƙa waje.

Me ake nufi da horon farko?

Shi ne karatun da mutum ke yi tun bai taɓa aiki cikin jirgi ba, kafin a ba shi lasisi. A nan yake koyon yadda jirgi ke tashi da sauka a taƙaice, dokokin sufurin sama, kashe gobara, fitar da fasinjoji cikin gaggawa a kan tudu da kan ruwa, agajin farko, sanin kayan da ke da haɗari, tsaro, da yadda ake aiki tare da matuƙa. Raba abinci da tarbar fasinja suna ciki, amma su ne ƙaramin kaso.

Ni da nake gani aikin nan raba shayi ne da murmushi, me ya kawo hukuma ciki?

Ba kai kaɗai ke ganin haka ba, domin abin da fasinja ke gani ke nan a tafiyar da aka yi lafiya. A idon doka kuwa, ma'aikacin cikin jirgi jami'in ceton rai ne. Shi ya sa yawan kujeru ne ke yanke adadin ma'aikatan da za a ɗauka: a ƙa'idar da aka fi bi, ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50. Kuma kafin a amince wa sabon babban jirgin fasinja ya fara aiki, sai masu ƙera shi sun nuna za a iya kwashe kowa daga cikinsa a daƙiƙa 90, alhali rabin ƙofofinsa a toshe suke. Waɗanda za su cika wannan alkawari ranar da abu ya ɓaci su ne 'yan matan da samarin nan da ke miƙo maka ruwa.

A watan Agusta na 1980 wani jirgin kamfanin Saudiyya ya tashi daga Riyad zuwa Jidda, wuta ta kama a ɗakin kayansa. Matuƙin ya juyo ya sauka lafiya lau. Amma ba a tsayar da jirgin nan take ba, ba a buɗe ƙofa ko ɗaya daga ciki ba, hayaƙi ya gama da mutum 301, babu wanda ya fita. Ka ajiye wannan kusa da abin da ya faru a filin jirgin Haneda na Tokyo ranar 2 ga Janairun 2024. Jirgin kamfanin Japan ya yi karo da wani ƙaramin jirgi yayin sauka, ya kama da wuta, lasifikar cikin jirgin ta mutu. Ma'aikatan suka koma amfani da muryoyinsu da amsa-kuwwa ta hannu, suka leƙa waje suka zaɓi ƙofofi uku cikin takwas da wuta ba ta tare ba, suka hana mutane ɗaukar jaka. Mutum 379 ne a ciki, kuma dukansu sun fita da ransu.

Rai a hannun Allah yake, babu mai ja. Amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma horo shi ne ɗaurin raƙumin wannan sana'a. To idan horon na da wannan nauyi, ba zai yiwu a bar kowa ya kama shago ya ce ya buɗe makaranta ba.

Wa ke ba da izinin a Najeriya?

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, wadda ta fara aiki a shekarar 2000, kuma yanzu take aiki ƙarƙashin dokar sufurin jiragen sama ta 2022. A cikin kundin ƙa'idojinta, kashi na 2 ya yi magana kan lasisin ma'aikata, kashi na 3 kuma kan cibiyoyin horo. Makarantar da ta tsallake tantancewa ana ba ta takardar shaidar da mutanen harkar ke kira ATO, ma'ana cibiyar horo da hukuma ta amince da ita.

Sama da NCAA akwai ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944 kuma hedikwatarta take Montreal a Kanada. Ita ba ta ba kowace makaranta izini da hannunta. Ma'auni take shimfiɗawa, kowace ƙasa ta mayar da shi doka. Abin da ta wajabta shi ne kowane kamfanin jirgi ya kasance da shirin horar da ma'aikatan cikin jirgi wanda hukumar ƙasarsa ta amince da shi. Ba ta tilasta a ba su lasisi irin na matuƙa ba, shi ya sa ƙasashe suka sha bamban. Najeriya tana cikin waɗanda suka zaɓi ba da lasisi, kuma a ganina zaɓi ne mai kyau.

Makarantar ta nuna mini takardar rajistar kamfani. Bai isa ba?

Bai isa ba. Rajistar kamfani ta nuna cewa akwai kamfani mai wannan suna, iyakarta ke nan. Mai sayar da siminti ma yana da irinta. Haka nan izinin ma'aikatar ilimi ta jiha, ko wata takardar haɗin gwiwa da ƙungiyar waje da aka maƙala a bango cikin gilashi, babu ɗaya da ke maye gurbin amincewar NCAA.

Akwai kwasa-kwasan share fage da ake yi ta intanet ko a aji, suna koyar da abubuwa masu amfani game da aikin. Ba na kushe su. Sai dai su ƙarin ilimi ne, ba su kai mutum ga lasisi.

Wane tsani mai son buɗe makaranta zai hau?

Matakai biyar ne, irin waɗanda ake bi wajen tantance kamfanin jirgi.

Da farko za ka sanar da hukuma niyyarka, a zauna da kai a faɗa maka abin da ke gabanka. Mutane da yawa daga nan suke komawa gida su sake lissafi, kuma gara haka. Sai ka shigar da takardar nema a hukumance tare da kundayenka. Sai sufetoci su zauna su bi kundayen nan shafi-shafi. Mafi muhimmanci a ciki shi ne kundin horo da tsare-tsare, wanda ke bayyana kowane darasi, awa nawa zai ci, wa zai koyar, da me za a koyar, yaya za a yi jarrabawa, maki nawa ne ci, kuma me za a yi da wanda ya faɗi. Akwai kuma kundin tabbatar da inganci, wanda ke nuna yadda makarantar za ta riƙa binciken kanta da kanta. A wannan mataki ake daɗewa, don kundi yakan je ya dawo sau da yawa da jan biro a jikinsa. Wanda ya kwafo kundin wata makaranta ya canja suna kawai, a nan asirinsa ke tonuwa, domin zai rubuta kayan aikin da ba shi da su.

Mataki na huɗu shi ne gani ya kori ji. Sufetoci za su zo da ƙafarsu su duba azuzuwa, su taɓa kayan aiki, su zauna a bayan aji su saurari malami yana koyarwa, su buɗe fayil ɗin malamai. In komai ya dace da abin da aka rubuta, sai a kai na biyar, a miƙa takardar shaida haɗe da wata takarda da ta jera takamaiman kwasa-kwasan da aka yarje maka.

Su wa doka ta ce dole a samu a makarantar?

Dole a samu shugaba guda wanda alhakin komai ya rataya a wuyansa, kuma yana da ikon fitar da kuɗi, ba wanda aka ajiye don ado ba. Sai shugaban sashen horo, sai mai kula da inganci, wanda bai kamata ya zama shi ne kuma mai koyarwa yana binciken aikin kansa ba. Sai malamai. Malamin darussan ceto ya kamata ya kasance ya yi aikin da kansa, ya san jirgin da yake magana a kai, an koya masa dabarun koyarwa, kuma hukuma ta amince da shi. Iya aiki daban, iya koyarwa daban. Na ga ƙwararrun da suka shekara da shekaru a sama amma suka kasa fahimtar da ɗalibi abin da hannunsu ya saba yi ba tare da tunani ba.

Wane irin kayan aiki sufeto ke nema?

A nan kuɗin yake, kuma a nan ake gane makarantar gaske.

Ana buƙatar kwaikwayon cikin jirgi mai kujeru da ɗakin abinci da makewayi, ko kuma jirgi na gaske da aka ware don horo. Ana buƙatar ƙofa mai nauyi da hannu irin na ainihi, domin buɗe ƙofar jirgi cikin gaggawa ba a koyonsa a allo. Ana buƙatar zamiyar robar nan da ke cika da iska a sulalo ta kanta zuwa ƙasa, tulun kashe gobara, hular hayaƙi, tulun oksijin, rigunan ruwa, kwale-kwalen roba, akwatin agajin farko, mutum-mutumin koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, wurin kunna wuta ta gaske a kashe ta, da tafkin yin atisayen sauka a ruwa.

Ba na manta wata ɗaliba a ranar atisayen hayaƙi. A rubuce babu wanda ya kama ƙafarta, duk matakan ta haddace su kamar karatun allo. Aka cika kwaikwayon jirgin da hayaƙi, aka kashe fitila, aka miƙa mata jakar hular. Yatsunta suka kama rawa, ta kasa yage bakin jakar. Da ƙyar ta zura hular, numfashinta ya dushe gilashin, ta tsaya cik a tsakiyar hanya tana lalube. Malamar da ke bayanta ba ta ɗaga murya ba, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Durƙusa, ƙanwata. Bi kujeru da hannunki, ki ƙirga." Ta durƙusa, ta ƙirga, ta iso ƙofa. Aka sa ta maimaita har sau huɗu. A na huɗun muryarta ce ta cika wurin tana ba da umarnin a bar kaya a fito. Wannan rawar hannu gara ta faru a ƙasa, cikin hayaƙin wasa, gaban malama. Makarantar da ba ta da kayan aiki takan yaye ɗalibi da rawar hannunsa ba a taɓa ganinta ba.

Doka ba ta ce dole makaranta ta mallaki komai da komai ba. Za ta iya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin jirgi ko wata cibiya ta riƙa amfani da nasu, muddin a rubuce yake kuma hukuma ta duba wurin ta amince.

Idan makaranta na da ATO, ke nan duk abin da take koyarwa ya halatta?

A'a, kuma mutane da dama sun faɗa wannan rami. Izini yana da iyaka. Cibiya za ta iya samun amincewar koyar da masu tsara tafiyar jirgi ko injiniyoyi, amma ba ta da ta horar da ma'aikatan cikin jirgi. Haka kuma izinin yana ɗaure da adireshi. Idan an amince da harabarsu ta Legas, hakan bai ba su damar kama ɗakin taro a wani otal a Kano ko Kaduna su ce reshe ne ba, sai in hukuma ta duba wurin ta shigar da shi cikin izinin.

To yaya zan tabbatar kafin in biya?

Ka ce a nuna maka takardar ATO, ka duba suna, adireshi da ranar ƙarewar wa'adinta. Ka nemi takardar da ta jera kwasa-kwasan, ka ga horon farko na ma'aikatan cikin jirgi da idonka a rubuce. Sannan ka tuntuɓi NCAA kai tsaye, ta shafinta na intanet ko ka taka zuwa ofishinta, ka ji ko sunan yana cikin jerinsu. Ka ce a zagaya da kai ka ga ƙofar horo da wurin kashe wuta. Ka tambaya ɗalibai nawa na zangon baya suka rubuta jarrabawar lasisi. Makarantar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma murna take yi.

Abin da ya sa nake nanata wannan, 'yar wani maƙwabcina ce. Mahaifinta ya sayar da filin da ya daɗe yana tattali ya biya mata wata makaranta a wani babban gari. An ɗinka musu kayan sawa masu kyau, an koya musu tafiya da ɗaura ɗankwali, an yi bikin yaye da hotuna. Da ta je neman rubuta jarrabawar lasisi aka ce ba a san makarantar ba. Ya zo gidana da takardar a cikin leda, ya shimfiɗa ta a kan tabarma ya ce, "Malam, duba mini, ko akwai abin da za a yi." Na duba gaba na duba baya. Babu. Har yau in na tuna yadda ya naɗe takardar nan a hankali ya mayar cikin ledar, raina ɓaci yake yi.

Akwai irin wannan makaranta a Arewa?

Akwai Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ta gwamnatin tarayya ce, tana horar da matuƙa, injiniyoyi, masu ba jirage hanya, har da ma'aikatan cikin jirgi. Yawancin masu zaman kansu kuwa a Legas suka taru, inda harkar jirage ta fi kauri. Ko ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, ma'auni ɗaya ake auna su da shi.

Ina so in ga 'ya'yanmu sun ƙaru a wannan aiki. Kano mazaunin kamfanonin jirage ce irin su Max Air, kuma kowace shekara dubban alhazai ke tashi daga Kano, Sakkwato, Katsina, Maiduguri da sauransu, da yawansu ranar ce farkon shigarsu jirgi. Tsohuwar da ba ta jin Turanci, in aka ce mata "Hajiya, bar jakar, taho nan" da harshenta, za ta motsa nan take. A wurin da ake ƙirga daƙiƙa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Takardar makaranta ita ce lasisin?

Ba ita ba ce. Makaranta tana ba ka shaidar kammala kwas, NCAA ce ke ba da lasisi. Kafin nan sai ka cika shekara 18, likitan da hukuma ta amince da shi ya auna ka ya ba ka shaidar lafiya, sannan ka ci jarrabawa. Shawarata ita ce ka fara zuwa wurin likitan kafin ka zuba kuɗin makaranta, kada sai ka gama a gano abin da zai hana ka aikin.

Lasisin ma ba shi ne ƙarshen karatu ba. Kamfanin da ya ɗauke ka zai koya maka nasa tsarin da irin jirgin da za ka yi aiki a kai, domin ƙofar Boeing 737 daban take da ta Airbus A320 ko Embraer. Za ka yi tafiye-tafiyen sabo ƙarƙashin kulawar na gaba da kai. Daga nan kuma duk shekara sai ka koma aji an sabunta maka horon ceto.

Ban iya iyo ba. In haƙura?

Kada ki haƙura, ki je ki koya. Atisayen ruwa da rigar ruwa a jiki ake yinsa, amma za ki faɗa ruwa mai zurfi, ki ja wani, ki hau kwale-kwale, kuma kamfanoni da yawa suna gwada iyo wajen ɗaukar aiki. Batun suturar shiga ruwa da ko za a ware mata, ki tambayi makarantar tun kafin rajista. Ba abin kunya ba ne.

Kamfanin jirgi zai iya horar da nasa ma'aikatan da kansa?

Zai iya, idan hukuma ta amince da shirin horonsa, malamansa da kayan aikinsa. Bambancin shi ne nasa ma'aikatan yake horarwa. In yana son buɗe ƙofa ga jama'ar gari su biya su yi karatu, ya shiga sahun makarantu ke nan, sai ya nemi irin izininsu.

Me ya sa ake cusa darasin aiki tare da matuƙa? Ai kowa da aikinsa.

Saboda abin da ya faru a Kegworth ta Ingila a Janairun 1989. Injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace, matuƙa suka yi kuskure suka kashe na dama mai lafiya. Can baya a ɗakin fasinja, akwai ma'aikata da fasinjojin da suka ga tartsatsin wuta a injin hagu da idonsu, amma labarin bai isa ɗakin matuƙa ba, kowa ya ɗauka matuƙa sun fi shi sani. Mutum 47 suka rasu. Tun daga irin waɗannan haɗurra aka ƙarfafa koya wa ma'aikacin baya ya ɗaga waya ya faɗi abin da ya gani ƙarara, ko da jiya ya fara aiki.

Wannan darasi ya fi yi wa 'ya'yanmu wuya, domin mun taso da tarbiyyar kada yaro ya katse babba. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so a rabu da ita. Sai dai malami nagari zai nuna wa ɗalibi cewa cewa "Kyaftin, ina ganin wuta a injin hagu" ba rashin kunya ba ne. Sufeto yakan lura ko ana gwada wannan a aikace, ko kuwa karanta shi kawai ake yi daga littafi.

Lasisin Najeriya zai yi mini aiki a waje?

Ba kai tsaye ba. A Tarayyar Turai, alal misali, tsarin hukumarsu ta EASA ake bi. Can ba lasisi suke cewa ba, takardar shaida ce da ake samu bayan horon farko a wurin kamfani ko cibiyar da hukumar ƙasar ta amince da ita. Tana aiki a duk ƙasashen da ke cikin tsarin, kuma ba ta da ranar mutuwa, sai in an soke ta ko mai ita ya yi wata 60 bai yi aiki da ita ba. Manyan kamfanonin ƙasashen Larabawa irin su Emirates da Qatar Airways kuwa su ke horar da waɗanda suka ɗauka tun daga tushe, ba sa sharɗanta ka zo da lasisi. Don haka duk wanda ya ce ka biya shi ya ba ka takardar da za ta shigar da kai can, ka riƙe kuɗinka. Nijar da Gana ma kowace da tata hukumar da nata ƙa'idojin.

Da zarar an ba makaranta izini, shi ke nan har abada?

A'a. Takardar tana da wa'adi, ana sabunta ta, kuma a tsakani sufetoci na zuwa bincike, wani lokaci da sanarwa wani lokaci babu. Suna duba rajistar halartar aji, takardun jarrabawa, ko kayan aiki na nan da lafiyarsu, ko malaman da aka gabatar su ne ke koyarwa har yanzu. In makaranta za ta sauya wuri, ko shugaban horo, ko manhaja, sai ta sanar da hukuma. In aka sami gyara, ana ba da lokaci a gyara. In abin ya yi muni ko aka ƙi gyarawa, hukuma na da ikon rage izinin, dakatar da shi, ko soke shi gaba ɗaya.

Ina tsakiyar kwas sai na ji an dakatar da makarantarmu. Ina mafita?

Karatun da aka yi bayan ranar dakatarwa ba ya shiga lissafi, don haka kada ka ci gaba da zama a aji bisa alkawarin "ana kan gyarawa". Ka karɓi kwafin bayanan horonka tun da wuri: darussan da ka kammala, awannin da ka yi, sakamakon jarrabawa, da rasit ɗin kuɗin da ka biya. Ka rubuta wa NCAA ka bayyana halin da kake ciki, ka tambaya abin da za a lissafa maka in ka koma wata makarantar da ke da izini. Maganar mayar da kuɗi kuwa tsakaninka da makarantar ce, kuma abin da aka rubuta a takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar rajista shi za a duba.